Yadda ake saita agogon hannu mai wani ya zo daidai da sakan

Kafin ka taɓa lokaci, fara yi wa agogon wani. Sifirin da ya saki ba ya tura injin da ƙarfi iri ɗaya, don haka saitin da aka yi a kansa ba ya daɗewa. Cire agogon daga hannu, domin murɗa kan wani (ɗan maɓallin da ke gefen agogo) alhali agogon yana ɗaure a hannu yakan lanƙwasa siririn sandan da ya shiga cikin inji. Idan kan wanin mai zare ne irin na agogon shiga ruwa, kwance shi baya har ya saki. Agogon da ake yi wa wani da hannu, a murɗa a hankali har a ji ya cije, nan a tsaya; tilasta shi na iya lalata sifirin. Na otomatik, wanda motsin hannu ke yi wa wani, ba ya cijewa, murɗi 30 zuwa 40 ya wadatar.

Kan wani yana da mazauni uku a yawancin agogo masu kwanan wata: a ciki wani, ja na farko kwanan wata, ja na biyu lokaci.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne kwanan wata. Tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba, a injuna da yawa haƙorin da ke juya kwanan ya riga ya kama faifansa. Ka tura shi da kan wani a wannan tsakani, haƙori na iya karyewa, ko kwanan ya riƙa maƙalewa a rabin taga. Saboda haka ja kan wani zuwa ƙarshe, ka kai hannayen ƙarfe 6, sannan ka dawo ja na farko ka sa kwanan jiya. Daga nan koma ja na biyu, ka yi ta juya hannayen gaba har kwanan ya faɗa na yau. Wannan ne sha biyun dare. Idan da safe kake saitin, ci gaba zuwa lokacin. Idan rana ta yi tsaka ta wuce, sai ka sake zagaya 12 sau ɗaya. Wanda ya tsallake wannan zai ga kwanansa yana canjawa da tsakar rana.

Sai sakan. Samu madubin lokaci mai nuna sakan, kamar wayar da ke karɓar lokaci daga layi. Kada ka dogara da rediyon da ake saurara ta intanet, sautinsa yana makara. Injuna irin su ETA 2824-2 da Seiko NH35 suna tsayar da hannun sakan idan an ja kan wani zuwa ƙarshe. Jira ya hau 12 cif, ka ja. Ɗora hannun minti a kan minti mai zuwa, kana kallon agogon kai tsaye, ba ta gefe ba. Da zarar wayar ta nuna 00, danna kan wani ciki.

Akwai ɗan sako-sako tsakanin haƙoran da ke ɗauke da hannun minti. Shi ke sa wani lokaci sakan ya kai 12 amma hannun minti bai iso layinsa ba. A agogo da yawa maganin shi ne ka wuce da minti biyar zuwa goma, ka dawo baya kan layin. Wasu kuwa sun fi son juyin ƙarshe ya zama gaba. Gwada duka biyun, ka riƙe wanda ya dace da naka.

Injin Seiko 7S26 ba ya tsayar da sakan. Masu irinsa sukan ɗan matsa kan wani baya kaɗan har hannun ya tsaya, su saki a daidai lokaci. Dabarar ta fi ci idan wanin bai cika ba, kuma ba abin yi kullum ba ne.

Bayan saiti, auna halin agogon: duba shi a lokaci ɗaya kullum har kwana bakwai, ka raba bambancin gida bakwai. Ma'aunin COSC, hukumar gwajin agogo ta Suwizalan, ya yarda da jinkirin sakan 4 zuwa saurin sakan 6 a rana, NH35 kuwa an ba shi daga jinkirin 20 zuwa saurin 40. Idan naka mai sauri ne, gwada kwantar da shi a gefe da dare, kan wani ƙasa ko sama, domin yanayin kwanciya yana sauya gudunsa. Idan kwatsam ya fara sauri da mintoci a rana, yawanci maganaɗisun lasifika ko murfin waya ne ya manne siririn gashin da ke daidaita bugunsa. Mai gyara yana da na'urar cire maganaɗisu, aikin minti kaɗan ne, ba sai an buɗe agogon ba.

Tura kan wani har ciki, mai zare kuma a ɗaure shi ba da ƙarfi ba, don kada ruwa ya shiga. Kwanan wata zai buƙaci gyara bayan Fabrairu, Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba.