In giyar mashin ta ƙi sauka, kar ka yi saurin buɗe inji

Kusan kullum sai an turo mini mashin gareji, mai shi yana gumi yana cewa giya ta mutu, daga ta huɗu ba ta komawa ta uku sai ya yi ta dukanta da ƙafa. Ni kuwa kafin in ɗauki sifana, hannun kuloci nake fara matsawa.

Wasan da ke hannun kuloci, wato ɗan motsin da yake yi kafin ya fara jan waya, bai kamata ya wuce milimita 2 zuwa 3 ba. In wayar kuloci ta miƙe, wasan ya yi yawa, kulocin ba ya saki duka, giya kuma ta dinga cijewa. Gwada da kanka: tayar da mashin, matse kuloci, sa giya ta ɗaya. In ka ji yana neman jan ka gaba, ko firi ta yi wuyar samu, to ga ciwon nan. Ɗaure notin wayar kaɗan-kaɗan. In ta fara tsintsinkewa, canza ta kawai.

Duba ƙafar giya ma. Faɗuwa ɗaya kan lanƙwasa ta har ta riƙa gogar jikin inji. In ka taka ba ta dawo mazauninta ba, sufirin da ke dawo da ita ne ya samu matsala.

Abin da ya fi damuna shi ne baƙin mai. Boxer da Jincheng ba su da wani man giya na daban, mai ɗaya ne ke shayar da inji da giya da kuloci. Man mota yana iya sa kuloci santsi, man giyar mota mai lamba 90 ya yi kauri, jan man mota mai atomatik kuwa kar ma ya kusanci injinka. Juya galan ka nemi rubutun JASO MA ko MA2, alamar man da ya dace da kulocin da ke cikin mai. Man da aka rubuta wa MB na babura masu bel ne. A zafin nan namu 20W-50 nake zuba wa Boxer, kusan lita ɗaya, in auna man, mashin yana tsaye cak. Man da ake aunawa a gorar ruwa bakin titi, don Allah ka bar shi.

Yi juye injin yana da ɗumi, ka tari tsohon man a kwano mai tsabta, ka fita da shi rana. In ka ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli, a nan ne zan yarda a buɗe inji.

Sannan ka riƙa sauke giya ɗaya bayan ɗaya tun kana tafe, kana ɗan taɓa totur. In ka tsaya a giya ta huɗu ta ƙi sauka, ɗan tura mashin gaba da baya kana takawa a hankali, za ka ji ta faɗa.