Yadda za ka yi idan kwamfuta ta ƙi tashi bayan sabunta Windows

A nan Garwa, a Kamaru, abin da na fi gani ke nan: mutum ya bar kwamfuta tana sabunta Windows da dare, aka ɗauke wuta, batirin kuma dama ya daɗe da mutuwa. Da safe ya kunna, sai ɗigogin nan suna ta zagaye a ƙarƙashin tambari, ba gaba ba baya.

Don Allah kada ka yi saurin kai ta a goge komai. Takardun makaranta da hotunan biki da yawa sun salwanta a haka, alhali matsalar ba ta kai nan ba.

Fara da jona caja, ka cire filas, firinta da duk abin da ke maƙale da ita. Idan ƙaramar fitilar faifan ajiya tana ƙiftawa, aiki take yi, ka ba ta kamar awa 2. A zafin Maris da Afrilu kada ka ɗora ta kan katifa, a tebur za ta sha iska.

In ba ta motsa ba, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 10 har ta mutu. Kunna, da tambari ya fito ka sake kashewa. Yi haka sau 2, a karo na uku ka ƙyale ta, za ta kai ka shuɗin shafin gyara. Yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, don haka ka bi Dépannage, Options avancées, sannan Désinstaller des mises à jour. Zaɓi biyu ne a ciki. Fara da na qualité, wato ƙaramin sabuntawa na wata-wata. Na fonctionnalités shi ne babba, kuma kwana 10 kawai Windows ke ba ka damar janye shi.

Idan ta ƙi, koma Options avancées, ka shiga Paramètres de démarrage, ka danna Redémarrer, sannan F4. F4 ɗin ya fi sauƙi, domin a madannin AZERTY, irin na Faransanci, lamba 4 ba ta fitowa kai tsaye. Wannan zai shigar da kai Mode sans échec, wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kawai. Kafin ka taɓa komai a wurin, kwashe takardunka a filas.

Wata kwamfutar za ta nemi mabuɗin BitLocker mai lamba 48, wato lambar buɗe makullin da Windows ke sa wa faifan ajiya. Galibi yana cikin asusunka na Microsoft, ka buɗe shi ta waya ka kwafo lambar a takarda.