Yadda ake neman kayan 'yan Baikin da na'urar gano ƙarfe ba tare da ɓata kabari ba

A shekarar 2004 wani mutum mai suna Peter Adams yana yawo da na'urar gano ƙarfe a wata gona kusa da ƙauyen Cumwhitton, a arewa maso yammacin Ingila, sai ya tono wani maɗaurin riga na tagulla mai siffar ƙwai, irin wanda matan Baikin, wato mutanen Iskandinabiya ta arewacin Turai na zamanin da, ke maƙalawa a ƙirji. Ya kai rahoto. Da masana suka zo suka haƙa wurin, sai ga kaburbura shida na ƙarni na 10, mata biyu da maza huɗu, da takubba da masu da duwatsun wuya. Da ya kama tono shi kaɗai, da an samu kayan amma an rasa labarinsu. Ga yadda ake bin sawun irinsa.

Da farko ka nemi izinin mai gona, kuma a rubuce. Ku yi magana tun kafin ka sa ƙafa a kan yadda za a raba lada idan aka dace, domin da abokin daka ake shan gari. Wuraren tarihi da gwamnati ta killace kuwa, shiga da na'ura laifi ne ko da mai filin ya ce maka bismilla.

Sai ka san dokar ƙasar. A Ingila da Wales dokar taska ta 1996 ta ce abin da ya haura shekara 300 kuma yana da aƙalla kashi 10 cikin ɗari na zinariya ko azurfa, dole a sanar da hukuma cikin kwana 14. A Sikotland duk abin tarihi da aka tono na Masarauta ne. A Suwidin ma sai ka karɓi takardar izini kafin ka kunna na'urar.

Na'ura ba sai mai tsada ba. Ka haɗa ta da abin saurare na kunne, da ƙaramar na'urar hannu mai nuna takamaiman wurin da ƙarfen yake, da ɗan shebur, da ledoji, da waya mai GPS.

Wajen zaɓen wuri, sunayen garuruwa suna taimakawa. Waɗanda suka ƙare da "by" ko "thorpe", kamar Grimsby da Scunthorpe a Ingila, alama ce mutanen Iskandinabiya sun zauna a yankin. A ƙauyen Torksey na gabashin Ingila, inda babbar rundunar Baikin ta yi sansanin hunturu a 872 zuwa 873, masu na'ura ne suka yi ta tsinto ma'aunan dalma da gutsattsarin kuɗin azurfa har masana suka gane girman wurin.

A gona ka riƙe farantin na'urar dab da ƙasa, kana lilo da shi a hankali dama da hagu, kowane lilo yana hawa kan na baya. Gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido a nan. Sabon shiga yakan saita na'ura ta yi shiru a kan baƙin ƙarfe don ya huta da tono ƙusa da guntun garma. Na fahimci gajiyar, amma kuskure ne ga mai neman kayan Baikin: takobi, gatari, bakin mashi da ƙusoshin jirgin ruwa duk baƙin ƙarfe ne. Wannan ƙara mai kauri da kake rainawa tana iya zama bakin kabari.

Idan ta yi ƙara, ka yanka ƙasa da fāɗi, nesa da tsakiya, kada shebur ya gurje abin. Ka tsaya a cikin ƙasar da garma ke juyawa, wajen santimita 30. Ka ɗauki hoto, ka rubuta lambar GPS, ka mayar da ƙasa ka rufe ramin.

Mataki mafi wuya shi ne tsayawa. Idan ƙarar tana fitowa daga ƙarƙashin ƙasar noma, ko ka ga abubuwa biyu uku kwance tare, ko launin ƙasa ya canja, to ka cire hannunka. Zuciya za ta yi ta bugawa tana ce maka ƙara tono kaɗan, kada ka biye mata. Yadda aka ajiye takobi a gefen mamaci, da ɓurɓushin yadi da ya manne a bayan maɗauri, su ne ilmin, kuma shebur ɗaya ya isa ya shafe su. Ka kira jami'in kula da tsintattun kayan tarihi na yankin. In ka ga ƙashin mutum, 'yan sanda za ka fara kira. Kabari kabari ne, ko na wane addini.

Masu ɓoyewa kan yi da-na-sani. George Powell da Layton Davies sun tono taskar Baikin kusa da garin Leominster na Ingila a 2015, suka ɓoye suna sayarwa, kotu ta ɗaure su a 2019, kuma yawancin tsabar kuɗin ta salwanta. David Whelan da ɗansa Andrew kuwa sun miƙa tasu da suka samu kusa da garin Harrogate na Ingila a 2007, aka ƙiyasta ta sama da fam miliyan ɗaya, suka raba da mai gona.

Abu na ƙarshe, kada ka wanke ko ka goge abin da ka samu. Whelan da ɗansa ba su juye ƙoƙon azurfar da taskar take ciki ba, masana ne suka kwashe shi a ɗakin bincike, suka ƙirga tsaba 617. A cikinsu har da dirhamai daga garuruwan Musulmi irin su Samarƙand, waɗanda fatauci ya biyo da su ta kogunan Rasha. Mai karanta Larabci zai iya ganin kalmar shahada a jikinsu, da garin da aka buga su da shekarar Hijira.