Yadda za ka kalli zanen Vermeer ba tare da gaggawa ba

Karo na farko da na ga zanen Vermeer na wata mata mai zuba madara, a waya na gan shi, ban yi daƙiƙa goma ba na wuce. Mace ce a kicin, sai me? Sai da wani malamin zane ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya ce kada in tashi sai na yi minti ashirin, sannan na gane ban ga komai ba. Hanyar da ya bi da ni ita zan ba ka.

Ka zaɓi zane ɗaya tak. Johannes Vermeer, mai zanen da aka haifa a garin Delft na ƙasar Holan a 1632 ya rasu a 1675, bai bar zane da yawa ba, talatin da 'yan kai ne. Ni da mai madarar nake so ka fara. Tana gidan adana kayan tarihi na Rijksmuseum a Amstadam, kuma sun sa hotonta kyauta a intanet, kana iya ƙara girmansa har ka ga sawun burushi. Asalin zanen ƙarami ne, tsawonsa bai kai rabin mita ba.

Kada ka karanta bayanin kowa tukuna. Ka nemi inda haske ya shigo: taga ce ta hagu, kuma gilashinta ɗaya a fashe yake. Ka bi hasken nan da ido, daga farin ɗankwalinta zuwa goshi, ya sauka kan rigarta ruwan ɗorawa, ya kai kan burodin da ke tebur. A nan ka dakata, ka ƙara girma sosai. Ɓawon burodin ɗige-ɗigen fenti ne kawai, kamar an yayyafa gero. Ka ja baya, sai ya koma burodi da za ka ji kamar ka gutsura. Ka yi ta matsowa kana ja baya, sau biyar ko shida, don a nan rabin darasin yake.

Daga nan sai bango. Mutane kan tsallake shi don suna ganin fari ne kawai, amma ni shi na fi so. Akwai ƙusa da inuwarta, akwai ramukan da aka cire wasu ƙusoshin, kuma farin yana sauya launi daga wajen taga zuwa ɗaya gefen. Binciken da gidan ya sanar a 2022 ya nuna cewa da can akwai maratayin tuluna a bayan kanta, Vermeer ya shafe shi. Ka tambayi kanka me ya sa ya bar wurin fayau, sannan ka duba inda idonka ke komawa. Zirin madarar nan ne, siriri kamar zare.

Shuɗin da ta ɗaura a ƙugu kuwa daga wani dutse mai tsada aka niƙo shi, wanda ake haƙowa a Afganistan. A jikin 'yar aiki ya kashe shi, ba sarauniya ba. Vermeer kuwa mutum ne da ya mutu da bashi, ya bar 'ya'ya goma sha ɗaya, har matarsa ta miƙa wa mai gidan burodi zane biyu saboda kuɗin da yake bin su!

Bayan haka ka ɗauki fensir da takarda, ka kwaikwayi duhu da hasken kawai, ban da fuska, ban da launi. Nawa na farko ya fito kamar buhun gawayi, amma a nan na lura cewa gefenta mai haske yana jingine da duhu, gefenta mai inuwa kuma da farin bango. Sai ka gama wannan za ka buɗe bayanan masana, ka kuma ɗauko zane na biyu, matar da ke karanta wasiƙa sanye da shuɗi, ita ma a gidan take.