Darasi na Tara: Godiya ga Masu Yi wa Unguwa Hidima

A rukunin gidaje da yawa, masu gidajen suna da ƙungiya. Kowa yana biyan kuɗin ƙa'ida, wata-wata ko shekara-shekara. Da kuɗin ake gyara hanya, a sa fitilun titi, a kwashe shara, a kula da filin wasan yara. A Amurka irin wannan ƙungiya ta zama ruwan dare. Wanda ya sayi gida a rukunin da ke da ita ya zama ɗan ƙungiya ke nan, ko ya so ko bai so ba.

Masu gidajen ne ke zaɓen shugabanni daga cikinsu, kamar shugaba da sakatare da ma'aji. Galibi ba su da albashi. Aikin sa-kai suke yi.

Mu dubi ma'aji. Ya dawo daga wurin aikinsa a gajiye. Iyalinsa sun kwanta, shi kuwa ya baje rasitai a kan tebur, yana duba wanda ya biya da wanda bai biya ba. Lissafi ya ƙi daidaituwa, ya sake tun daga farko. Ba wanda ya gan shi. Amma ranar da fitilar titi ta mutu, tun da sassafe wayarsa za ta fara ƙara. Mai ƙorafi ba ya mance lambar waya, mai godiya ne ke mancewa. Shi ya sa idan lokacin zaɓe ya zo, sai a rasa mai tsayawa.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Sai dai godiya iri-iri ce. Idan ka ce, "Mun gode da ƙoƙari," ka yi daidai, amma kowa ma ana iya gaya masa haka. Wadda ke shiga rai ita ce wadda ta ambaci aikin da mutum ya yi. A nan ne karatunmu zai yi amfani. Magana takan bi iska, takarda kuwa ana ajiye ta. Karanta wannan wasiƙa da ƙarfi:

Zuwa ga Ma'ajin ƙungiyarmu,
Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, na rubuto ne in gode maka a kan gyaran magudanar ruwa ta layinmu. Na san sau uku ka bi mai gyaran kafin ya zo. An yi ruwa jiya, bai shigo mana gida ba. Allah ya saka da alheri.
Naka,
maƙwabcinka na gida mai lamba 12.

Ka lura, wasiƙar gajera ce. Ta faɗi aikin, ta faɗi amfanin da ya yi. Ba ta haɗa da sabon ƙorafi ba. Idan kana da kuka, ka bar shi sai wata rana.

Kada a tsaya kan shugabanni. Akwai mai gadi, da mai shara, da mai yanke ciyawa. Ka san sunansu, ka gaishe su da shi. Idan ma'aikatan wani kamfani ne, rubuta wa kamfanin yabonsu, domin yakan taimake su a wurin aiki.

Batun kyauta kuma sai an yi hattara. Kuɗin ƙungiya amana ne. Ba a ciro shi a saya wa shugaba kyauta sai taro ya amince, sakatare ya rubuta. Ya fi sauƙi maƙwabta su yi karo-karo daga aljihunsu.

Idan ana neman ranar karramawa, taron shekara ya isa. Akwai kuma 5 ga Disamba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe a 1985 domin masu aikin sa-kai.

Aikin gida: Zaɓi mutum ɗaya da ya yi wa unguwarku hidima. Rubuta masa jimla huɗu, ka sa kalmomin "amana" da "hidima" a ciki. Kawo wa malami ya duba, sannan ka kai wa mai ita hannu da hannu.