Yadda ake shata layin yanka a kan fallen roba domin haɗa ƙaramin samfurin gini

Yawancin kuskuren da masu haɗa ƙananan samfurori suke ɗora wa wuƙa tun a wurin shata layi yake aukuwa, domin wuƙa tana bin inda aka nuna mata ne kawai. Robar da ake magana a kanta a nan ita ce farar robar polistirin, wadda kamfanoni irin su Evergreen na Amurka da Slater's na Ingila da Tamiya na Japan suke sayarwa falle-falle, daga mai kaurin milimita 0.25 zuwa 0.5 da 1 da 2. Mai milimita 1 ta fi dacewa da bangon samfurin gida, kuma da ita za a yi misali.

Abu na farko shi ne shirya fuskar robar, saboda sabuwar roba tana da santsi da sheƙi, fensir kuma ba ya kama ta sosai, ɗan abin da ya kama ma yatsa yana share shi. A wanke ta da ruwa da sabulu domin cire maiƙon hannu, a bari ta bushe, sannan a goge fuskar da za a yi zanen da sanfefa mai laushi, lamba 600 ko 800, har sheƙin ya dushe. Wannan gugar tana da riba biyu, domin fenti ma ya fi kama roba idan an dusar da ita. A lokacin hunturu robar tana jawo ƙura da zarar an goge ta da busasshen ƙyalle, don haka ƙyalle mai ɗan danshi ya fi.

Daga nan sai a samar da gefe guda miƙaƙƙe wanda duk awo zai taso daga gare shi. Kada a amince da gefen da falle ya zo da shi sai an ɗora rular ƙarfe a kansa an ɗaga shi wajen haske an ga babu rata, musamman idan guntu ne da aka taɓa yanka. Idan gefen ya yi daidai, a sa masa alama da fensir, a ɗora sukwayar ƙarfe, wato ma'aunin kusurwa irin na kafinta, a jikinsa a ja layi na biyu wanda ya tashi tsaye a kansa. Waɗannan biyun su ne tushen aikin gaba ɗaya.

Dalilin dagewa a kan wannan yana bayyana idan aka yi lissafi. A ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 da tsayin mita 3, wanda za a rage shi sau 50, kamar yadda ɗaliban zanen gine-gine suka saba yi. Dogon bango zai zama milimita 80 da 60, ƙofa mai santimita 90 da 210 za ta zama milimita 18 da 42, taga mai santimita 120 kowane ɓangare kuma ta zama milimita 24. Bakin fensir mai milimita 0.5, a wannan ma'aunin, daidai yake da santimita 2.5 a ginin gaske. Wanda ya auna daga gefe zuwa ƙofa, sannan ya ɗaga rula ya auna daga ƙofa zuwa taga, ya sake ɗagawa ya auna daga taga zuwa ƙarshen bango, yana tara kuskure ne a kan kuskure, kuma kafin ya kai ƙarshe zai iya samun rarar milimita guda wadda za ta hana rufin zama. Hanyar da ta dace ita ce a ajiye rula sau ɗaya a karanta dukkan lambobin daga gefen tushe: ƙofa ta fara a 10 ta ƙare a 28, taga ta fara a 44 ta ƙare a 68, bango ya ƙare a 80.

A nan ne kuma ake tuna kaurin robar kanta. Idan gajerun bangaye biyu za su shiga tsakanin dogayen, to faɗinsu milimita 58 ne, domin kowace kusurwa ta ci milimita 1.

Game da abin zanen, fensir mai tauri irin 2H da aka fiƙe sosai ya isa ga layukan da za a goge daga baya, amma ga layin yanka na fi amincewa da tsini. Allurar ɗinki da aka kafa a ɗan itace, ko ƙafar kamfas mai tsini biyu irin na akwatin lissafin 'yan makaranta, tana yin ɗigo wanda ba shi da faɗin da zai rikita ido. A huda ɗan ɗigo a sama da wani a ƙasa, a sa bakin wuƙa a cikin ɗigon, sannan a turo rula har ta taɓa wuƙar. Yin haka ya fi ɗora rula a kan layi ana kintata da ido, domin hannu yana jin ramin ko da ido bai gan shi da kyau ba. Kamfas ɗin yana da wani amfani idan akwai tagogi da yawa masu girma ɗaya, saboda sau ɗaya ake buɗe shi a kan awon sannan a riƙa ɗora shi.

Matsalar tsini ita ce farin karce a kan farar roba ba ya fitowa. Ana magance wannan ta hanyar shafa tawadar alƙalamin maka mai duhu a wurin tukuna, a bar tawadar ta bushe, sannan a karce ta cikinta, sai layin ya fito fari siriri kamar zare. Sai dai dole ne a goge tawadar da sifirit kafin a haɗa, domin gam ɗin haɗa robar, wanda ke narkar da ita, yana watsa tawadar, kuma tana iya ɓullowa ta ƙarƙashin farin fenti. Kada a kusanto da tina, wato ruwan tsinka fenti, ko maganin cire jan farce, saboda suna cin polistirin su ɓata fuskarta. Wanda ba ya son tawada yana iya goga garin fensir a kan karcen da yatsa, garin ya shige ramin ya bayyana shi.

Idan zanen yana da lanƙwasa ko ado mai yawa, kamar ƙofa mai baka, a buga shi a takarda a manna a kan robar da gam mai rauni ko salatif na takarda, a huda kusurwoyin da allura ko a yanka ta cikin takardar. Kafin mannawa a auna layi guda na takardar da rula, domin injin buga takarda yakan rage zane ya daidaita shi da shafi idan ba a saita shi a kashi 100 ba.

Kafin a ɗauki wuƙa, a ja 'yan layuka a karkace a ɓangaren da za a zubar, a ɗora rula a kan ɓangaren da ake so, ta yadda idan wuƙa ta kauce za ta ci wurin da ba a buƙata. A fara da ƙofofi da tagogi tun fallen yana da faɗin riƙewa, a bar layin waje zuwa ƙarshe. Jan farko ya kasance marar nauyi, na buɗe hanya kawai, sai a maimaita sau uku ko huɗu har tsagar ta kai kusan sulusin kaurin, sannan a lanƙwasa robar ta bayan tsagar ta karye a kan layin. A wurin taga, inda babu damar lanƙwasawa, a tsaga daga kusurwa zuwa kusurwa har wuƙa ta ratsa, a tura ɓangarorin huɗu ɗaya bayan ɗaya su ɓalle, sannan a kankare ɗan tudun da wuƙa ta tayar a bakin yankan da bayan reza.