Yadda Ake Wanke Obarol Mai Hana Kama Wuta Ba Tare Da An Lalata Shi Ba

Da yawa daga cikin yaran da ke fara aikin walda ko na depo ɗin mai, a wanki suke kashe obarol ɗinsu, kuma ba za su gane ba don a ido yana nan sabo fil.

Fara duba lebul ɗin wuya. In ka ga Nomex, zaren kansa ne ba ya cin wuta. In auduga ce mai Proban ko Pyrovatex, to magani ne aka sa wa yadin, shi ya fi araha shi ya sa ya fi yawa a kasuwa, kuma shi wanki ke ɓatawa. A kan lebul ɗin akwai lambar ƙa'idar inganci: EN ISO 11611 na masu walda ne, EN 13034 kuma na fantsamar sinadari mai ruwa-ruwa.

Ka ware shi daban, ka ja zip, ka juya baibai. Bilic dai ko kusa, don yana cinye maganin Proban. Sitaci da ruwan nan mai ƙamshi na tausasa kaya su ma a'a, suna kwanciya a kan yadi kuma suna kama wuta. In mai wanki da guga za ka ba, ka faɗa masa baki da baki, don su sitaci ya zame musu jiki.

Inda aka fi faɗawa shi ne sabulun sanda da ruwan rijiya ko bohol, irin wanda za ka yi ta cuɗa sabulu ya ƙi kumfa. Gishirin da ke cikin ruwan nan yana haɗuwa da sabulu ya zama wani farin dafi-dafi, irin wanda kake gani a bakin bokiti, to shi ne ke maƙalewa cikin zare wanki bayan wanki, ranar da tartsatsi ya sauka shi zai ci wuta, maganin yana nan amma an lulluɓe shi. Ni omo na ruwa wanda babu bilic a ciki kawai na yarda da shi, e ya fi tsada, amma bai kai kuɗin sabon obarol ba. Ruwa mai ɗumi kada ya wuce digiri 60, ɗauraya har sai ruwan ya fito garau. Wurin da baƙin mai ko giris ya taɓa a fara cuɗa shi tukuna, in ya bushe kana jin warin mai a sake wankewa.

Sai maganar hana ruwa shiga. Bayan ya bushe a inuwa ka goge shi da dutsen guga mai matsakaicin zafi, ka shimfiɗa ƙyalle a kai, zafin ne ke farfaɗo da maganin hana ruwa shiga da aka sa wa yadin. Kada dutsen ya hau kan tef mai ƙyalli. Yayyafa ruwa ka gani, in ya dunƙule yana gangarewa lafiya lau, in yadin ya shanye sai an sake sa magani, kuma ba kowane feshi ba, na tanti da takalmi wani yana cin wuta, ka nemi wanda aka rubuta na kayan wuta ne.

In ya yage, faci da irin yadinsa da zaren da ba ya narkewa. Singiletin roba a ciki kuma a bari, auduga zalla.